Shantalin Gidan Sori

Cadakori, 6 ga Disamba

Zuwa ga ɗiyata Salima,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Ridwanu da yara. Ina gajiya, ina sanyi? Ni ma lafiya lau, in ban da tarin nan da bai kai a yi maganarsa ba.

Shu'aibu direba ya kawo saƙonki: bargo ɗaya, man shafawa, da wani tarmos ja mai hoton furanni. Bargon na karɓa, Allah ya yi miki albarka. Tarmos ɗin ga shi nan na maido miki. Ya ce kin ce in riƙa zuba ruwan zafi a ciki don alwalar asuba. Salima, ni? Shekara arba'in da ɗaya ina alwala da ruwan sanyi a garin nan, kowa ya sani. Ni ne nake ce wa Auta ladan, mai ɗora butarsa a kan garwashi, ladan alwalarsa ya bi hayaƙi. Yanzu a ganni da tarmos mai furanni a ƙofar masallaci?

Ba wannan ne ma ya sa na ɗauki biro ba. An yi mini sata a cikin gidana. Kin san shantalina na ƙasa, wanda muka saya da mahaifiyarki wurin wata mai ginin tukwane a Gidan Sori shekarar da muka yi aure. Yumɓun wurin yana riƙe ɗumi. Ko a tsakiyar ɗari, in na zuba ruwansa a hannu sai in ji shi salamun-salamun, ba ya cizo. To, wanda ke ƙofar ɗakina yanzu ba shi ba ne. Kamarsu ɗaya, har ɗan ɓallin da ke bakinsa an kwaikwaya, amma ruwan wannan kamar reza. Yatsuna sun tsage, shekaranjiya da ƙyar na riƙe carbi.

Na yi tunani. Ranar sadakar arba'in ta mahaifiyarki, mata sun cika gidan suna rabon kayanta. A wannan rana aka musanya mini shi. Ban lura ba saboda lokacin zafi ne. Kina wurin. Ki tuna wanda ya fita da ƙunshi, ki rubuto mini. Kada ki kira waya, kin san kunnena ba ya ɗaukar maganarta.

Ki gaida kowa.

Mahaifinki,
Ɗanasabe

Agiye, 10 ga Disamba

Baba,

Ina gaishe ka da ladabi, ina fatan ka tashi lafiya. Ridwanu yana gaishe ka, yara suna tambayar yaushe za ka zo.

Baba, ba wanda ya taɓa shantalinka. Ni da kaina na ɗauke shi na sa a bayan ƙyaure ranar, don kada yara su fasa. Inna Bilkisu ce kaɗai ta shiga ɗakin bayana, ita ma zanen Inna mai ruwan bula ta ɗauka, wanda ka ce a ba ta.

Shu'aibu ya faɗa mini abin da ba ka rubuta ba. Ya ce ya tarar da kai zaune a rana kana rawar ɗari, tarin kuma har ƙofar gida ake jinsa. Ya ce matar maƙwabci da ke aiko maka tuwo tana ɗaukar kwanon kamar yadda ta kawo shi. Na tambayi malamin unguwarmu, ya ce ba laifi ko kaɗan a yi alwala da ruwan ɗumi, balle ga mai shekara saba'in da takwas. Na san za ka ce ka fi shi karatu.

Ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, ban saba yi maka irin wannan magana ba. Mun gyara ɗakin da ke kusa da zaure. In har ƙarshen watan nan kana nan kana zuba wa ƙirjinka ruwan ƙanƙara, Ridwanu zai zo da mota, mu rufe gidan Cadakori ka dawo wurinmu. Na rasa uwa bana, ba zan zauna ina kallo ba.

Tarmos yana nan na ajiye.

Ɗiyarka,
Salima

Cadakori, 14 ga Disamba

Zuwa ga Bilkisu a Gazawa,

Bayan gaisuwa. Ina fatan kina lafiya da iyalinki.

Zan tafi kai tsaye. Salima ta tabbatar mini ke kaɗai kika shiga ɗakina ranar sadakar arba'in ta yayarki Hasiya. Ban ce kin yi sata ba. Na ce kin shiga, kuma tun daga ranar shantalina ya zama wani. Tun kina yarinya, lokacin da aka kawo ki gidan nan taya amarya zama, idonki yake kan abin. Na tuna ranar da kika zuba masa kunu.

In don tunawa da ita kika ɗauka, ai sai ki tambaya. Da na ba ki tabarmarta, da na ba ki maburginta. Amma ki je har kasuwa ki nemo mai kama da shi, ki ɓalle masa baki don ki rufe idon tsoho? Shekara talatin na yi ina koyar da yara a lakol, makarantar boko, suna ce mini Mushe, na san aikin da aka kwafa in na gan shi.

Ki san abin da wasan nan naki ya jawo. Yarinyar nan ta ce za ta sa kwaɗo a gidana ta kai ni Agiye, in zauna a ɗakin baƙi ina jiran surukina ya ce a kawo mini abinci. A gidan nan yayarki ta cika. Kabarinta yana bayan gonar Liman, kowace Juma'a ina takawa da sandata in yi mata addu'a. Daga Agiye da wace ƙafa zan zo?

Ki naɗe shi cikin tsumma ki ba Shu'aibu ranar Talata. In ya iso lafiya, maganar ta mutu tsakanina da ke.

Mijin yayarki,
Ɗanasabe

Gazawa, 18 ga Disamba

Mushe,

Ina kwana, ina sanyi, ina rigima? Ka yi haƙuri da rubutuna, na ajin manya ne, ba na lakol ba. Kada ka sa mini jan biro.

Na karanta takardarka sau uku. Da farko na yi dariya har kaji suka watse. Na biyu na ji haushi. Na uku na yi kuka, kuma kai ka jawo.

To Mushe, ɓarauniya tana gaishe ka. Shantalinka yana ƙofar ɗakinka, shi ne dai wanda ka sani, ɓallin bakinsa ma ni na yi shi da muciya shekara arba'in da suka wuce. Yumɓun Gidan Sori yumɓu ne kamar na ko'ina. In ka bar ruwa ya kwana a cikinsa cikin ɗari, sanyi yake ƙarawa. Duk macen da ta taɓa randa ta san wannan. Kai ne dai ba ka taɓa tambaya ba.

Yaya ta sa na rantse ba zan faɗa ba, amma ba ta ce in yi shiru har a rufe gidanta ba, Allah ya yafe mini. Kana jin motsinta a madafa kafin kiran salla, kana cewa kunu take damawa. Kunun yana zuwa daga baya. Abin da take fara ɗorawa ruwanka ne. Ta zubar da wanda ya kwana, ta haɗa mai zafi da na randa, ta gwada a gwiwar hannunta, ta ajiye maka a bakin ƙofa ta koma. In ya yi ɗumi da yawa za ka gane ka yi faɗa, in ya yi sanyi ƙirjinka zai kama, tunda tun kana saurayi ƙirjin nan ba shi da ƙwari. Tsakanin nan take nema kullum.

Bara da ciwo ya kwantar da ita na zo jinya, ka tuna? Wata biyu ni na riƙa yi. Tana kwance tana ce mini, "Bilki, kawo in taɓa." Rannan ta ce ya yi zafi, in ƙara na randa. Na ce Yaya, mutumin nan fa fita zai yi ya je ya yi wa Auta ladan gori. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, ta ce, "Bar shi. In ya sani ba zai yarda ba, in bai yarda ba zai kwanta, ni kuma ba ni da wani."

Ka ce ka san aikin da aka kwafa. Shekara arba'in da ɗaya ana yi maka aikin a ƙarƙashin hanci, Mushe.

Ba na neman ka ba ni haƙuri, na san bakinka bai iya ba. Ka sha magani.

Ƙanwarka,
Bilkisu

Cadakori, 23 ga Disamba

Bilkisu,

Bayan gaisuwa. Takardarki ta zo ranar Talata. Akwai kurakurai goma sha ɗaya a ciki, ban taɓa ko ɗaya ba.

Kwana biyu na yi ina juya maganarki a raina. Kada ki ɗauka sanyi na yi. Fushi nake, kuma da ita nake. Mace ta zauna da mutum shekara arba'in da ɗaya, ta haifa masa 'ya'ya, ta bar shi yana tsayawa gaban jama'a yana bugun ƙirji da abin da ba nasa ba! Sau nawa na dawo daga masallaci ina ba ta labarin yadda na kunyata Auta, tana miƙo mini kunu tana cewa sannu da ƙoƙari, Malam? Ashe dariya take a ciki. Ranar Juma'a na je bayan gonar Liman da niyyar in faɗa mata duk wannan. Na tsaya, na tsaya, sai na yi mata addu'ar da na saba na dawo.

Na kuma je wurin Liman na tambaye shi ladan da nake lissafawa na jure sanyi, ina yake? Ya ce alwalata ta inganta, sallata ta inganta. Ladan sanyi kuwa, ya ce in tambayi kaina wanda ke fita tsakar gida ya fasa ruwan randa da hannunsa kafin kowa ya tashi. Yaron nan ni na koya masa abacada, yau shi ke mayar mini da tambaya.

Jiya na shiga madafa. Rabona da shiga tun ana gininta. Na ga 'yar tukunyar a rataye, baƙa ƙirin, ba ta kai ta kunu girma ba. Na sha ganinta ban taɓa tambayar aikinta ba. Kara ya ƙi kamawa, hayaƙi ya cika mini ido, da ruwan ya tafasa na juye shi duka a shantali na ƙona bayan hannuna. Na rasa jam'i. Karo na farko ke nan tun rasuwarta.

Ba zan je Agiye ba. Tarmos kuma ba na so, ba da shi ta yi ba. Ki rubuto mini awon, dalla-dalla, kamar yadda ta koya miki. Maganar sata kuwa, na janye ta. Kada ki ce wa kowa na rubuta haka.

Ɗanasabe

Gazawa, 26 ga Disamba

Mushe,

Ina gaisuwa. Na karɓi haƙurin da ba ka bayar ba.

Ka shigo da kara ɗaki tun da yamma don kada raɓa ta taɓa shi. Kada ka bari ruwan ya tafasa, da ka ji tukunya ta fara waƙa ka sauke. Ludayi biyu na zafi, biyar na randa, da ludayin duman nan mai ɗinki a wuya. Na randa ake fara zubawa, in ba haka ba shantalin zai tsage. Ka gwada a gwiwar hannu, ba da yatsa ba. Hannun da ya ƙone ka shafa masa man da Salima ta aiko.

In ka fita, ka bi ta wurin Auta. Shi ne ka fi ci wa mutunci, ba ni ba.

Bilkisu

Cadakori, 30 ga Disamba

Salima,

Bayan gaisuwa. Ki ce wa Ridwanu ya bar motarsa inda take. Kwana huɗu ke nan ina ɗumama ruwana da kaina, kuma ban rasa jam'i ba. Tarin ya sassauta. Ina cinye tuwon, ki tambayi Shu'aibu tunda shi ne jandarmanki mai kai miki rahoto.

Na je wurin Auta na faɗa masa komai. Ya ce ya sani tun shekara ashirin, yana ganin tururi na tashi daga gemuna in na shigo sahu.

Ki faɗa wa innarki awonta bai cika ba. Biyu da biyar nake yi, da ludayin, a gwiwar hannu, amma ba ya fitowa kamar na mahaifiyarki. Gobe zan sake gwadawa.

Allah ya yi muku albarka.

Mahaifinki,
Ɗanasabe