Hoton da na ɗauke ka a bakin wuta

Zuwa ga yayana Dauda,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin wadda mai rai ke yi wa wanda ya riga shi kwanciya, ina fatan ƙasa ta yi maka sauƙi fiye da yadda unguwar Nima ta yi maka.

Ni ne Isifu, ƙaninka mai hoto na tashar Circle. Ka san ni, ba na ɗaukar biro sai in akwai abin da zan ci. To yau babu. Sunanka ne ya zaunar da ni. Shekara bakwai da binne ka, har yanzu in za a kwatanta 'yarka Rabi sai a ce 'yar Dauda Gobara. Ni na jawo maka sunan nan, kuma da bakina aka yi ta dariyarsa.

Ka tuna zamanin da ake layin sabulu da madara tun asuba. Ka ce kai ka gaji da layi, za ka je ka noma abin da za mu ci. Wani tsoho a ƙauye bayan garin Nsawam ya ba ka fili a jikin gonarsa ta itatuwan koko, ka yi masara da rogo ku raba amfani. Shekara uku buhunka ne ke riƙe da tukunyar mahaifiyarmu Mma. Ni kuwa ina Circle da wando mai faɗin ƙafa, ina gaya wa kowace mai tallan lemu cewa fuskarta ta dace da hoto.

Na zo maka gab da damina, ranar da za ku ƙone fili. Ka zagaya da ni ka nuna mini aikin. An share gefen gona fes, faɗin taku biyar, don wuta ta iso ta rasa abin ci. Ba a kunnawa sai bayan isha, in iska ta kwanta. Kowa ya tsaya a gefensa da ɗanyen ganyen kwakwa, yana bugun duk tartsatsin da ya tsallaka. Ka ce mini, “Ko uwarka ce ta kira ka, ba ka barin gefenka.” Kai ka ɗauki gefen kokon tsoho, don ba ka yarda wani ya tsare maka shi ba.

Da wutar ta tashi, Yaya, ban taɓa ganin abu irinta ba. Jan layi daga nan har iyakar ido, hayaƙi ya yi ruwan zuma. Na kafa kyamara a kan ƙafafunta uku, na leƙa, na ga hoton bai cika ba sai da mutum a ciki. Na zo na ja hannunka. Ka ƙi. Na yi maka abin da nake yi wa matan kasuwa: na ce ba ka da hoto ko ɗaya a duniya, Mma na tambaya, minti ɗaya ne kawai. Ka ajiye ganyen ka biyo ni.

Hoton dare ba ya ɗaukuwa da sauri, dole mutum ya tsaya cik har mai hoto ya gama ƙirga. Na ce kada ka motsa, kada ka waiwaya. Na ɗauki ɗaya, na ce a sake. A na uku na ga haske ya tashi ta bayan kafaɗarka, inda bai kamata ba. Na gani, Yaya. Na bari sai da na gama ƙirgata sannan na yi ihu.

Kafin gari ya waye, kokon da tsohon ya dasa tun yana saurayi ya zama gawayi a tsaye.

A gaban sarkin ƙauyen an tambaye ka ina kake. Ka ce, “Na bar gefena.” Shi ke nan. Ina zaune a bayanka da kyamara a jaka, ina kallon ƙasa kamar baƙon kirki. Aka karɓe filin, aka ce kada a sake ganin baƙo ɗan Zango irinmu da fartanya a wurin.

Ka dawo kana dakon kaya a tashar Circle, ƙofar shagona. Hoton ya fito da kyau, abin haushin ke nan. Na manna shi a gilashi, ya jawo mini mutane fiye da duk amaren da na taɓa ɗauka. Kullum kana wucewa da buhun wani a ka, kana ganin kanka a tsaye cikin wuta. Ba ka taɓa cewa in cire ba. Da ka zage ni, da na ce mun yi canjaras. Ka bar ni da shi, kuma ina jin haushinka a kan haka, ko da yake ban isa ba.

Juma'ar da ta wuce, bayan salla, na tsayar da dattawan layinmu a ƙofar masallaci na faɗa musu komai, har da ƙirgar. Ka san abin da suka yi? Dariya. Alhaji Mumuni mai goro har da share hawaye. Ya ce, “Isifu, kai da bakinka! Yanzu kuma me za ka sayar mana?” Wani ya ce na kyauta da nake rufa wa yayana asiri. Shekara talatin ina shirga ƙarya a garin nan ana saye. Ranar da na fito da gaskiya, ba wanda ya taya.

Shi ya sa na rubuta, in sa hannu a ƙarshen takardar, ko mai karatu zai yarda da abin da mai sauraro ya ƙi.

Allah ya jiƙanka, Yayana. Ya sanyaya makwancinka, ya haɗa ka da Mma. Ya Allah, kai kana wurin a daren nan, ba ka bukatar shaida. Ka cire wannan daga littafinsa ka mayar nawa.

Ƙaninka, wanda ya ce kada ka waiwaya,
Isifu