Sunan Farfesa a Fom Ɗina

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar Inna?

Yaya, na tafka kuskure, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa sai ke. Wata cibiyar bincike ta tallata guraben digiri na uku masu haɗe da aiki, a fannoni da yawa, daga taurari har magunguna, ɗaya kuma a kan sauro. Kin san shekara shida ke nan ina kiwon sauro a ɗakin binciken Farfesa, ni ce mai ba su jini da ruwan sukari, har kina tsokanata wai na fi kula da su a kan 'ya'yanki. Da na ga tallan, sai na ji kamar don ni aka rubuta shi.

Na fara cike fom ɗinsu ta intanet a ɓoye. Da na zo gurbin wanda zai ba da shaida a kaina, na sa sunan Farfesa da imel ɗinsa, da niyyar in jira ranar da yake cikin fara'a in nemi izininsa. Ashe ana danna ajiyewa na'urar ke tura masa saƙo. Bayan kwana biyu abokiyar aikina ta gaya mini haka abin yake.

Mutumin nan ba ya yafe wa wanda ya nemi tafiya a bayan idonsa. Wanda ya riƙe aikin nan kafin ni haka ya yi, yau kayan waya yake sayarwa. Ga kundin digirina na biyu a teburinsa, bai sa hannu ba. Ina jin tsoro ƙwarai.

Taki har kullum,
Autarku

Yayata,

Ina gaishe ku duka. Na ga saƙonki, na gode da addu'a.

Kin ce in same shi in ba shi haƙuri. Sau uku ina isa ƙofar ofishinsa, in ɗaga hannu zan ƙwanƙwasa, in juyo. Shi kuwa bai ce uffan ba. Da can ko gaisuwata da gyaɗa kai yake amsawa, yanzu har tsayawa yake ya tambayi lafiyar gida, kuma wannan ya fi faɗa tayar mini da hankali. Ran Juma'a ake rufe karɓar takardu.

Autarku

Yaya,

Da fatan kun tashi lafiya, Inna ta sami sauƙi.

Farfesa ya aika wa cibiyar wasiƙar shaidar, saura minti ashirin a rufe. A ƙa'idarsu mai nema ba ya ganin abin da aka rubuta a kansa, sanarwa kawai na samu cewa ta isa.

Da rana ya shigo ɗakin sauron da kansa, tare da wata sabuwar ma'aikaciya. Cikin murmushi ya umarce ni in koya mata komai a cikin mako biyu. Ko dai ya yabe ni har ya tabbata za su ɗauke ni, ko kuma ya gama da ni, nan da can. Na dubi fuskarsa da kyau, ban gano komai ba.

Gobe zan fara koya mata. Kada ki gaya wa Inna tukuna.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta