Tsargiya a Gonakin Shinkafa

Malanville, 14 ga Maris, 1983

Zuwa ga ɗiyata Sa'a Ɗangana, a jami'ar Dakar.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, Ya buɗa miki ƙirji ga karatu, Ya jiƙan mahaifinki, ƙanena Ɗangana. Mu nan muna lafiya, sai gwiwa da ke tuna mini shekaruna. Mariama ta sauka lafiya, an samu namiji. Yari kuwa albasarsa ta yi kyau bana, har bakinsa ba ya rufuwa.

Saƙonki ya zo. Na yi murna da kika zaɓi nazarin yadda hukuncin masu mulki a kan abinci yake taɓa lafiyar jama'a da ƙasar da suke nomawa. Amma da na kai inda kika ce gonakin shinkafarmu za ki kafa misalin nasara da su, kuma rahotannin ofisoshin Cotonou sun ishe ki, sai na cire tabarau na ajiye. Sa'a, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A Dakar ɗin nan na koyi aikin ungozoma tun ba a haife ki ba, kuma ban koyi auna lafiyar gari da yawan buhu ba.

Tun da aka haƙa hanyoyin ban-ruwa, ruwa ya daina tafiya, ya kwanta a bayan gidaje rani da damina. Katantanwa ta cika shi, yara kuma can suke wanka. Yanzu tsargiya ta zama ruwan dare. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mutanenmu ba su ɗauke ta ciwo ba. Maƙwabcina Arzika zakara ya yanka ranar da ɗansa, wanda ko haƙoransa ba su gama famfara ba, ya fara fitsarin jini, wai ya zama namiji. Har aiko mini da cinya ya yi. Na mayar masa da kwanonsa, na ce tsutsa ce ke cin marar yaron. Ya yi dariya ya ce Gwaggo boko ya yi miki yawa, kakansa ma ya yi, kuma ya aje 'ya'ya cike da gida. Na tambaye shi, to 'yan matan da yanzu suke yi fa, su ma maza suka zama? Sai ya ce sallah ta yi.

Na kai maganar taron kwamitin unguwa. Shugaban, wanda ni na yanke masa cibiya, ya kira ni kamarad, wato abokiyar gwagwarmaya, ya ce juyin juya hali shinkafa yake nema, ba tsoratar da manoma ba. Na ce masa shinkafar manyan motoci ke kwashe ta zuwa Parakou, geron da muke ci kuwa sai an tsallaka gada an roƙi duwan, wato 'yan kwastan, kafin ya shigo daga Gaya ta Nijar. Kashegari jandarma ya zo, wai gaishe ni ya zo yi. Na ba shi ruwa, na kuma gaya masa an tafasa.

Yanzu an yanke shawara, da zarar an gama girbi za a ja sabuwar hanyar ruwa zuwa Garou, ta bi ta gindin lakwal, makarantar yaranmu. Maganar tsohuwa ba ta tsayar da masu mulki. Amma takarda mai tambarin jami'a suna jin kunyarta, domin masu ba su taimako suna karantawa. Idan kika rubuta nasara, da hannunki za a haƙa wannan rami. Ki zo hutun nan, ki shiga gidajen da ƙafarki, ki duba idanun yaran, sa'an nan ki rubuta abin da kika gani, ko da ya ƙaryata ni.

Na yi zaman takaba ban roƙi kowa ba, na gina ɗakina ban roƙi kowa ba. Yau ni Na'inna na roƙe ki. Kada ki bari in maimaita.

Ki gai da Fatu da maigidanta Na-Allah da ke riƙonki. Asabe da Karimatu suna gaishe ki. Allah Ya yi miki albarka, Ya sada mu da alheri.

Gwaggonki,
Na'inna