Tsanin Baba Ya Ƙara Tsawo

Baba,

Gaisuwa daga Hamburg. Yaya gwiwarka, yaya Mama? Ni lafiya lau, sai dai sanyi.

Yaya Procolo ya ce tun girgizar ƙasa ta ranar Talata ƙasar garinmu Pozzuoli ta ƙara kumbura, gaɓa ta yi wa kwalekwalenka tsawo, har ka ƙara wa tsani mataki. Wai da ya hana ka hawa da kwandon kifi ka ce, "Tafi can, malalaci! Ƙasa ma tashi take, ni zan zauna?"

Baba, shekarunka saba'in da huɗu ne. Don Allah ka bar masa kwandon.

Nan ƙasa ba ta motsi. Amma jiya babbar mota ta wuce, tagogi suka kaɗa, sai ga ni a waje ba takalmi, ina kiran "Baba!"

Allah ya tsare min kai, Baba.

'Yarka,
Nunzia