Barkonon da Baba Ke Zubawa

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Ya aiki, ya ƙarin haƙuri?

Ke da kike wuni a ɗakin gwaji kina binciken barkono, yau iliminki zai yi mana rana. Tun rasuwar Mama, Baba ba ya cin abinci sai ya zuba garin barkono har ya yi jawur. Yana ci hawaye na zuba, in na kalle shi ya ce, "Auta, wannan akwai yaji." Wallahi tsoro nake ji. Ba zai ƙona masa ciki ba?

Ƙanwarki, Auta

Auta,

Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinki, barkono ba ya ƙona nama kamar wuta. Kowace ƙwayar jijiya tana da siririyar fata mai maiƙo, a jikin fatar akwai 'yar ƙofa da ke buɗewa idan ta ji zafi. Sinadarin yajin nutsewa yake cikin maiƙon ya buɗe ƙofar, sai jiki ya ɗauka wuta ce, ido ya kawo ruwa. In ana yi kullum, jijiyar gajiya take ta daina amsawa. Ki ƙyale shi, da kansa zai daina ji.

Aiki ya riƙe ni. Ki gaishe shi da kyau.

Yayarki

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Maganarki ta tabbata, da ma ba ta tabbata ba. Jiya ya yi ta zubawa, ya ci, ya jira, ido ya bushe ƙamas. Ya daɗe yana kallon kujerar Mama, sannan ya ture kwanon ya shige ɗaki. Yau ko shayi bai sha ba.

Ni sakarya sai yanzu na gane. Mutumin da ko ranar rasuwar bai bari mun ga hawayensa ba, a bakin kwanon nan kaɗai yake samun yin kuka. Ya rame, Yaya. Ni kaɗai ba zan iya ba.

Ki huta lafiya.

Auta

Auta,

Na karanta. In an ɗauke barkonon na ɗan lokaci jijiyar za ta farfaɗo, amma ba za mu jira ta ba. Gobe ina hanya.

Ni ma tun da na koma aiki ban ƙara sa gilashin kare ido ba in ina niƙan barkono, abokan aiki har sun gaji da yi min faɗa. Ki ce wa Baba kusa da shi zan zauna, ni zan fara kukan.

Yayarki