Wani ya yi wa ƙyauren gidana walda

Anti, don Allah ki taimaka mini, na rasa wanda zan gaya wa wannan magana bai yi mini dariya ba.

Ni mai walda ne, amma ba ni da shago. Shagona mota ce. Tsohuwar motar kaya na samu, na ɗaure injin walda da janareto da injin yankan ƙarfe da na hudawa a bayanta, duka da noti, na yi mata rumfa. Inda tarakta ta karye a gona, ko injin niƙa ya tsaya, ko injin ban ruwa ya ƙi, ni ake kira, in je har wurin in gyara. Alhamdu lillahi ina samu. Amma Anti, aikin nan akwai kaɗaici. Da an gama an ce sannu da aiki, kowa sai ya kama hanyar gidansa, a bar ni da ƙarafa. Ina da 'yar katifa tsakanin janareto da akwatin sifana, nan nake kwana, nan nake cin abinci. Har magana nake yi wa injin nan, wallahi, kamar mutum. Sai in yi makonni ban leƙa gida ba, don kafin in gama wannan an kira ni wancan, kuma ni ban iya cewa a'a ba.

To ƙyauren gidanmu na ƙarfe ne, ni na ƙera shi da muka tare. Ya daɗe da ɓallewa ta sama, maiɗakina tana ɗaure shi da igiya. Ta yi mini magana ba sau ɗaya ba, kullum in ce bari in dawo.

Wannan dawowar, ina tsayawa na ga babu igiya. An yi walda. Anti, kowane mai walda ya san hannunsa. Wannan ba nawa ba ne, wani kwaɓaɓɓen aiki ne, duk ƙuraje, ko gogewa ba a yi ba. Da na tambaya, ta ce ta kira mai waldar bakin kasuwa ne, don ta gaji da tsoro ita da yara. Ba da faɗa ta faɗa ba, shi ne ma abin da ya fi ci mini rai. Na koma mota na kwanta a ƙofar gidana, kuma ba ta aiko a kira ni ba. Tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu, yara ma gaisuwar baƙo suke yi mini.

Yanzu zuciyata tana ce mini in yanke waldar nan in sake ta yadda ya kamata. Wani lokaci kuma in ce in kwance injinan, in sayar da motar, in kama rumfa a kasuwa. To mutanen da suka dogara da ni fa? Ina tsoron kada in wayi gari ba a bukatata a gidana. Yaya zan yi?

Mai shago a mota

Amsa:

Ƙanena, sannu. Ba zan yi maka dariya ba, na ji zafin da kake ji. Nema ne ya fitar da kai, ba yawo ba, kuma wannan kwanan cikin ƙarafa don iyalinka kake yin sa.

Amma duba ta nata ɓangaren. Mace da yara, ƙofa a ɗaure da igiya, mijinta kuma mai walda ne da ake yabo gari gari. Ta jira, ta yi magana, ta sake jira. Ba wulaƙanta ka ta yi ba, gidanka ta tsare. Da ka koma mota kuma, me kake so ta ɗauka? Ita ma kaɗaicin nan tana cikinsa, nata dai a ɗaki yake.

Kada ka sayar da mota cikin ɓacin rai, ba ita ce mai laifi ba. Bakinka da bai iya a'a ba shi ne. Ka ware ranakun gida a kowane mako, ka sanar da masu kiranka, ka tsaya a kai. Aikin nesa ka haɗa su da wani abokin sana'a. Idan kana hanya ka riƙa kiranta kullum, hirar da kake yi wa injin ka yi mata.

Waldar nan kuwa, kul ka taɓa ta. Idan ka yanke, ka nuna mata muninta kawai ka gani, ba ka ga jiran da ta sha ba. Bar ta da ƙurajenta, duk sanda za ka fita ka kalle ta, ka tuna me ya kawo ta wurin.

Yau ka kulle motar, ka shiga ta wannan ƙyauren. Ka ba ta haƙuri, ka gode mata, sannan ka tambaye ta me kuma ya lalace a gidan da ta gaji da faɗa maka. Ka zauna ka saurara har ta gama, don ba duka ne na ƙarfe ba.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya sa wa sana'arka albarka.