Ta Ce In Ajiye Ta a Bakin Jami'a In Juyo

Anti Loretta,

Ki taimake ni, kwana tara suka rage mini kuma na rasa wanda zan gaya wa. Shekarata hamsin da huɗu ban taɓa rubuta wa jarida wasiƙa ba. Matata Darlene ce ke yanko filinki tana liƙawa a jikin firji, ni kuma in karanta a tsaye ina cewa mutane ba su da aikin yi. To, yau ga ni a layi.

'Yata ɗaya tal, zan kira ta Corinne, ko da yake ba sunanta ke nan ba. Bana take gama sakandare, kuma jami'o'i biyu sun ɗauke ta. Ɗaya tafiyar awa guda ce daga gidanmu a nan Toledo. Ɗayar tana can Minnesota, awa goma a mota in ba a tsaya cin abinci ba. Ranar ɗaya ga Mayu dole ta ba da amsa. Kowace jami'a ta gayyaci yaran da ta ɗauka su zo da iyayensu a watan Afrilu su kwana biyu su ga wuri, kamar yadda aka saba. Mun je ta kusa makon jiya. Abin da ya faru a can ne ya sa nake rubuto miki.

Na yi shekara ashirin da biyu ina aikin kwana-kwana kafin gwiwata ta ƙi, aka mai da ni mai duba gine-gine. A gida Sufeto ake ce mini, har da surukata. Ba na zama a gidan abinci sai na ga inda ƙofar baya take. Na san abin dariya ne, an yi ta yi mini, ban fasa ba.

Da muka isa aka rataya wa kowa katin suna a wuya, na yara da igiya rawaya, na iyaye da shuɗiya. Bayan jawabi wata mata ta ce masu rawaya su bi hagu a zaga da su ɗakunan kwana, masu shuɗi su bi dama, a haɗu ƙarfe huɗu. Na duba takardar tsari, sai na ga abin da aka tanadar mana shi ne lacca kan yadda uba zai koyi sakin ɗansa. Ni da na zo ganin inda 'yata za ta riƙa kwana. Darlene ta tafi ɗebo kofi, ni kuma na cusa katina cikin riga, na ja hula, na bi bayan yaran.

Wata ɗaliba ce ke jagora, tana tafiya da baya-baya tana bayani. Har hawa na uku babu wanda ya kula da ni, ina ta ƙirga tukwanen kashe gobara. A nan Corinne ta waigo muka haɗa ido. Ta matso ta ce, "Baba, don girman Allah." Na ce mata ta yi kamar ba ta san ni ba. Ta ce, "Ai tun a mota nake yi."

A hawa na shida na ga ƙofar matakala an tokare ta da takalmi. Anti Loretta, ƙofar nan an yi ta ne don ta zauna a rufe ta tare hayaƙi. Na yi ƙoƙarin wucewa, wallahi na yi, amma ƙafata ta ƙi. Da kowa ya shige matakalar sai na zare takalmin. Ƙofa ta rufe, ashe ta ciki ba ta buɗuwa sai da kati, kuma katin ɗalibar da ke jagora ba na wannan ginin ba ne, shi ya sa aka tokare. Mu talatin muka sauko hawa shida, muka tarar da ƙofa ɗaya a ƙasa mai jan rubutu cewa in an tura ƙararrawa za ta tashi. Ni na tura. Gini duka ya fito, wasu da tawul, wasu da cokali a hannu. Motar kwana-kwana biyu suka zo, kuma shugabansu mutumin da na koya wa aiki ne. A gaban kowa ya ce, "A'a, Sufeto, kai ne da wannan ɗanyen aikin?"

Kafin yamma hotona ya shiga zauren hirar waya na yaran da aka ɗauka, sun sa mini suna Baban Ƙararrawa. Corinne ta juya mini ƙeya har gida. Darlene ta daure har muka shiga kicin, sannan ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Kai da kake so yarinya ta zauna kusa, ga shi ka kore ta daga wurin da hannunka." Gaskiya ta faɗa. Corinne ta ce ko kyauta ce ba za ta shiga makarantar da aka san ta da wannan ba.

Yanzu saura ta Minnesota, kuma tun farko ita ce a ranta. Darlene nas ce, tana da aiki a ƙarshen makon da za a je, ta nemi musanya ba ta samu ba. Jiya muna cin kabeji mai cushen nama Corinne ta ajiye cokali ta ce, "Ka kai ni, ka ajiye ni a bakin ƙofa, ka juyo. In ba haka ba zan hau bas." Na ce bas ai ya fi awa goma sha biyar. Ta ce gara haka da minti goma tare da ni a matakala.

Ni dai zan je, wannan na gama yankewa. Na kama ɗaki a masauki, na rubuta abubuwa talatin da ɗaya da zan duba. Amma tunda ba sunana zan sa ba, bari in faɗa miki abin da ko Darlene ban gaya wa ba. So nake in samu aibi a can, wanda zai isa in ce ba za ta je ba. Lokacin da Darlene ke da cikin Corinne, wata Lahadi da safe, ni da abokan aikina mun je gobara a wani gidan haya na ɗalibai. Ni na sauko da wata yarinya a hannuna, kuma ba ta rayu ba. Iyayenta daga wata jiha mai nisa suka taso, sai la'asar suka iso. Na ga uban yana fitowa daga mota, takalmansa ma ba iri ɗaya ba. Corinne ba ta san wannan ba. Duk lokacin da ta ce Minnesota, mutumin nan nake gani, kuma tsoro nake ji.

In shiga ko da ba ta so? In na shiga, yaya zan yi kada in ƙara ɓata abin? Ba na son in rasa ta, ta kowace hanya.

Sufeto, daga Toledo

Sufeto,

Na yi dariya a tsakiyar wasiƙarka, ba zan ɓoye maka ba, kuma na daina kafin in kai ƙarshe. Na yi maka ta'aziyyar yarinyar nan da ka shekara goma sha takwas kana ɗauke da ita kai kaɗai.

Maganar takalmi kana da gaskiya, bai kamata a tokare ƙofar ba. Laifinka ya faru tun kafin nan, lokacin da ka cusa kati cikin riga. Ba don a wulaƙanta iyaye ake raba igiyoyin nan ba. Ana so yaro ya ɗan ji yadda wurin yake ba tare da an tsaya masa a ka ba, domin haka zai zauna a cikinsa shekara huɗu. Awa uku aka ba Corinne ta zama ita kaɗai a cikin sa'o'inta, kai kuma ka ƙwace su. Fushinta yana kan gaskiya. Amma ita ma ta wuce gona da iri da ta ce ka juyo daga bakin ƙofa. Uban da zai tuƙa mota awa goma yana da haƙƙin ya ga inda 'yarsa za ta zauna, kuma jami'ar da kanta ta gayyace ka.

Saboda haka ka je. Sai dai da izininta za ka shiga, kuma ga yadda za ka nema.

Tun kafin ranar tafiya, ka ba ta haƙuri kan abin da ya faru, haƙuri tsantsa, ba tare da ka ƙara da bayanin amfanin ƙofar matakala ba. Sannan ka gaya mata labarin Lahadin nan kamar yadda ka gaya mini. Shekararta goma sha takwas, za ta iya ɗauka. A yanzu gani take ba ka yarda da hankalinta ba, alhali tsoro ne ke cin ka, kuma waɗannan ba ɗaya ba ne a kunnen 'ya. Amma ka kiyaye, kada ka mai da labarin igiyar ɗaure ta. Ka faɗa mata a fili cewa kana gaya mata ne don ta san abin da ke damun ka, ba don ta fasa ba. Darlene ma ta ji, ta cancanci hakan tun tuni.

Jerin abubuwanka talatin da ɗaya kuwa, ka gama da su daga kujerarka ta gida. Jami'o'i masu ɗakunan kwana suna fitar da rahoton gobara duk shekara, kai ka fi ni sanin yadda ake karanta shi. Ka kira ofishin da ke kula da wannan gobe, ka ce kai abokin sana'a ne, ka yi tambayoyinka. Irinku in kun haɗu ba ku gajiya da juna. In ka ga abin tsoro na gaske, ka kai wa Corinne da Darlene a rubuce. In ba ka gani ba, ka faɗa musu ba ka gani ba, ko da ranka bai so ba. Ka san bambancin mai duba gini da mai neman aibi, ka yi aiki da irinsu duka biyun.

A can kuma, katinka ya zauna a waje inda kowa zai gani. Ka bi masu launinka. Ka zauna a laccar sakin yara da ka guje wa, don kai aka shirya ta. In an ba da damar tambaya, ɗaya ta ishe ka, kuma kada ka ambaci sunan 'yarka a ciki. Ku yanke wurin haɗuwa da lokaci tun a mota, ka bar wayarta ta huta har lokacin ya yi. In ta ce za ta kwana a ɗakin ɗalibai, ka miƙa mata jakarta ka tafi masaukinka. Ka sa takalmi mai taushi saboda gwiwar nan, ka ci abinci inda ɗalibai ke ci, ka yi hira da wani uba. Za ka tarar rabin masu shuɗiyar igiya suna cikin tsoro irin naka. Kada ka sayi riga ko sitika mai sunan makarantar, kada kuma ka kushe ta, ko da yanayin sanyinsu ne. Duka biyun matsi ne.

Aiki ɗaya na ba ka, tunda ba ka iya zama babu abin dubawa. Ka lura da ita lokacin da take tahowa wurin haɗuwa. Da wa take tafe, tana magana ko ta yi shiru, tana sauri ta same ka ko tana jan ƙafa don ba ta son rabuwa da wurin. A hanyar dawowa kada ka tambaye ta me ta yanke. Ka tuƙa motarka. Awa goma na da yawa, za ta yi magana da kanta.

In bayan duk wannan ta nace sai dai ka tsaya a waje, ka tsaya. Ka kai ta, ka jira a garin, ka dawo da ita. Zai yi maka ciwo, amma za ta ga ka iya cika alkawari, kuma wannan take son gani kafin ta yi nisa.

Ina jin Minnesota za ta zaɓa, gara ka fara shirya zuciyarka. Ba ni da tabbacin da zan ba ka cewa babu abin da zai same ta a can, kuma ka fi kowa sanin ko a jami'ar kusa babu mai ba ka shi. Amsar ɗaya ga Mayu tata ce. Abin da ya rage a hannunka shi ne yadda za ta tafi. In ta tafi da sanin ka yarda, ranar da wani abu ya tsorata ta kai za ta fara kira. In ta tafi don ta tsere maka, za ta ɓoye maka, ko da makarantar a bayan gidanka take.

Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku kuna magana da juna. Ka gai da Darlene.

Loretta